Yadda Ake Haɗa wa Turbo Tiyon Shigar Mai da Na Komawa

Masu ɗora turbo, wato fankar da hayaƙin inji ke juyawa don tura ƙarin iska cikin inji, a kan injin da bai zo da shi ba, irin su 1HZ na Land Cruiser ko 3L da 5L na Hiace da Hilux, da masu sauya na asali da wani daban, tambayar da suka fi yi ta mai ce: ta ina za a ɗebo shi, ta ina kuma zai koma? Tiyo biyu ne kacal, amma turbo da yawa da ake cewa marasa kyau ne, waɗannan tiyon ne suka kashe su. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, ƙanana ma sukan haura 200,000, don haka 'yan daƙiƙu ba mai sun isa su cinye ta.

Ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka ɗauki sifana. Famfon inji ne ke tura mai cikin turbo, amma wajen fita ba mai tura shi sai nauyinsa. Yana fitowa da kumfa, ya gangara da kansa, kuma ɗan abu kaɗan yake tare shi. Shi ya sa za a gama da tiyon komawa kafin a taɓa na shiga.

1. Gane irin turbo ɗinka

Akwai mai bushin, akwai mai boris, gwargwadon abin da sandar turbo ke juyawa a kansa. A mai bushin, sandar tana yawo ne a kan mai, don haka yana son mai da yawa. Yawancin turbo na motocin dizal da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna irin wannan ne. Mai boris ɗan mai kaɗan yake buƙata, idan ya yi masa yawa ma sai ya fara zubarwa. Lambar da ke jikinsa za ta gaya maka. In ta goge, juya fankar da yatsa: mai boris yana daɗewa yana juyawa da 'yar ƙara siririya, mai bushin kuwa nan da nan yake tsayawa.

Idan na hannu ne, girgiza sandar. Ɗan motsi gefe da gefe a mai bushin ba matsala ba ne muddin fanka ba ta taɓa gidanta. Motsin ciki da waje ne bai kamata ka ji ba. Haska tocila cikin ramin fitar mai, in ka ga man da ya ƙone ya daskare, a wanke shi kafin a ɗora.

Gargaɗi: toshe ramin shiga da na fita da tef har zuwa lokacin ɗauri. Ƙurar hunturu ko ƙwayar yashi guda a cikin bushin ta isa ta karce sandar.

2. Kayan da za ka tanada

Ana auna irin waɗannan tiyo da lambar AN, kowace lamba ɗaya kashi ɗaya ce cikin 16 na inci. Ke nan -3 kusan milimita 5 ne, -4 kusan 6, -10 kusan 16, -12 kuma 19.

- Tiyon shiga -4, mai Teflon a ciki da saƙar waya a baya. Ga mai boris, -3 ma ya isa.
- Tiyon komawa -10 ko fiye, wanda aka yi don mai mai zafi.
- Bakin ƙarfe mai noti biyu na ƙasan turbo, da gasket ɗinsa. Auna tsakanin ramukan kafin ka saya: ƙananan turbo na kamfanin Garrett samfurin GT milimita 38 ne, samfurin T3 da T4 kuma 50.8.
- Bakin da za a yi wa walda a kaskon mai na ƙasan inji, na ƙarfe ga kaskon ƙarfe, na alminiyam ga na alminiyam.
- Mahaɗin da za ka ɗebo mai da shi daga inji, da sababbin washa na jan ƙarfe.
- Rigar kare zafi ta tiyo, da kilif masu roba a ciki.
- Gejin auna ƙarfin mai da ke kaiwa bar 7.
- Sabon mai, sabuwar filta, sabon gasket na kasko.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, sai ka tambaya ranar da za ka saya. Tiyon shiga da kawunansa suna cin kuɗi, haka ma waldar alminiyam in kaskonka na alminiyam ne. Masu matse tiyon haidirolik na tifa da katafila za su iya yi maka shi daidai tsawon da kake so, sau da yawa a ƙasa da kuɗin wanda aka shigo da shi a kwali. Kawunan tiyonsu, waɗanda ake kira JIC, suna da kwana mai digiri 37, daidai da na AN, suna shiga juna. Ka dai faɗa musu kusa da salansa zai bi. Duk kuɗin kayan nan bai kai na sabon turbo ba, kuma nan ne wurin da bai dace a nemi araha ba.

Gargaɗi: tiyon lagireto da na hita mai yana kumbura su, su yi laushi daga ciki su toshe. Tiyon silikon da ba a yi masa shafe na musamman ba yana zufar mai. Kada ko ɗaya ya shiga wannan aiki.

3. Daidaita zaman turbo

Ɗora turbo a kan manifol na hayaƙi, ka sassauta notocin da ke riƙe da gidan tsakiya na turbo, inda mai ke shiga ya fita, ka juya shi har ramin shiga ya kalli sama, na fita ya kalli ƙasa sak. In wuri ya matse, ɗan karkata kaɗan ba laifi, amma kada ya wuce kamar digiri 20. Ita sandar kanta ta kwanta, kada kai ɗaya ya ɗaga fiye da digiri 15. Bayan ka ɗaure, sake juya fankar ka tabbatar ba ta gogar komai.

Turbo mai fukafukai masu motsi a ciki, irin na injin 1KD na Toyota, yana da fin da ke tsayar da shi wuri guda. Kada ka tilasta masa juyawa.

Sai ka duba tsayi. Dole ƙasan turbo ya kasance sama da inda mai yake tsayawa a kasko, da rata mai kyau. In ka kai shi ƙasa sosai ko bayan mota, mai ba zai koma da kansa ba, sai da ƙaramin famfon lantarki da zai riƙa zuƙe shi, kuma ranar da famfon ya tsaya hayaƙi zai turnuƙe.

4. Huda kaskon mai

Fara duba jikin bulok. Injin da ke da ɗan'uwa mai turbo yakan zo da wurin komawar mai da aka toshe, ko wani tudu da aka tanada don hudawa. In akwai, ka huta. In babu, sai kasko.

Tun kasko yana jikin mota, yi alama a wurin da ke ƙasan turbo kai tsaye, inda ƙafar inji, sandar sitiyari da salansa ba za su tare hanya ba. Sannan ka juye mai ka cire kaskon.

Ga yadda za ka san inda mai yake tsayawa. Ajiye kaskon a karkace daidai yadda yake zama a mota, ka zuba masa ruwa gwargwadon litar man da injin ke ci, ka zana layi a bakin ruwan. Ƙasan ramin da za ka huda ya kasance sama da layin nan da santimita 2 ko 3, in ya fi haka ma ya fi, domin mai yana tuntsurewa gefe idan aka taka birki ko aka sha kwana. Ka bar wa sifana wurin kama notocin bakin kaskon. Leƙa ta ciki kuma: kada ramin ya faɗa bayan farantin da ke hana mai tangaɗi, kada kuma ya fuskanci inda karanshaf ke watso mai da iska.

Huda, ka goge kaifin ramin, a yi walda zagaye, kada bakin ya zurma ciki sosai. Zuba kananzir ta ciki ka duba baya, shi yana fitowa ta ramin da ido ba ya gani. Daga nan a wanke kaskon tas, a busar, a mayar da sabon gasket.

Gargaɗi: kada a huda kasko yana jikin inji. Ko da an shafa wa bakin diril giris, ɓarɓashin ƙarfe yana faɗawa ciki, famfon mai ya zuƙe shi. Walda a kaskon da ke da ragowar mai kuwa neman gobara ne. Akwai kuma gajerun hanyoyi biyu da ake yawan bi, duk ba sa aiki: mayar da mai ta notin juye mai, wanda ke can ƙarƙashin mai, da mayar da shi ta bututun gejin duba yawan mai, wanda ya yi siriri da yawa.

5. Tiyon komawa

Turbo ba shi da sil na roba irin na karanshaf. Abin da ke bakin sandarsa 'yan zobba ne na ƙarfe masu kama da ringin fistin, aikinsu hana iska da hayaƙi shiga gidan tsakiya. Ba za su iya tare man da ya taru ba. Da zarar mai ya kasa sauka ya cika gidan har ya kai sandar, sai ya bi ta salansa ya zama shuɗin hayaƙi, ko ya bi ta ɓangaren iska ya shiga inji. Turbo ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar man ce ta toshe.

Don haka tiyon ya sauka tun daga sama har ƙasa ba tsayawa. Ƙa'idar Holset, kamfanin ƙera turbo, ita ce gangaren kada ya gaza digiri 30, amma ka nemi wanda ya fi haka tsayuwa. Santimita 5 zuwa 10 na farko daga ƙasan turbo su sauka a miƙe. Inda dole a karya, sa kai mai digiri 45 maimakon mai 90. Babu kwanciya, babu lotsawa a tsakiya inda mai zai kwanta ya rufe hanya, babu lanƙwasar da ta matse ciki.

Wani abin da ake mantawa shi ne cikin kawunan. Tiyo na iya zama -10, amma kai mai araha raminsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Auna kowanne. Wurin da ya fi ƙunci a duk hanyar shi ne ainihin girman tiyonka, kuma kada ya gaza ramin da ke jikin turbo. Ɗora gasket a kan bakin ƙarfen ka duba ta haske, in ya rufe gefen ramin ka yanke shi daidai.

Tsarin da kamfanoni ke bi ya fi kowanne daɗewa: bututun ƙarfe daga turbo ya wuce wurin zafi, sai guntun tiyon roba na mai da kilif biyu a ƙasa kusa da kasko, don ya shanye girgiza. In akwai mai lanƙwasa bututu a kusa, haka ya fi.

Kafin ka haɗa da turbo, sa mazurari a saman tiyon ka zuba rabin lita na mai. Ya kamata ya shige ba jira. In ya tsaya yana kumbura, gyara hanyar tun yanzu.

Gargaɗi: gasket ɗin nan a bushe ake sa shi. Gam ɗin silikon da aka shafa yana matsowa ciki ya rage ramin, guntunsa kuma ya ɓalle ya shiga mai.

6. Inda za a ɗebo mai

Wuri mafi kyau shi ne ramin da aka toshe a babbar hanyar mai ta bulok, domin man da ke nan ya riga ya bi ta filta kuma yana da cikakken ƙarfi. In babu, sai ramin suwic ɗin fitilar mai: a cire suwic, a sa mahaɗi mai baki uku, suwic ya koma baki ɗaya, tiyo ya kama ɗaya.

A nan ake fasa bulok. Haƙoran wannan ramin a Toyota, Honda da Nissan yawanci 1/8 BSPT ne, haƙori 28 a inci. Kayan da ke zuwa daga Amurka 1/8 NPT ne, haƙori 27. Wasu motocin Jamus kuwa da M10x1 suke zuwa. BSPT da NPT a ido iri ɗaya ne, suna shiga juyi biyu sannan su cije, mai ƙarfi ya matsa da sifana ya tsaga wurin. Ɗauki suwic ɗin ka tafi da shi kasuwa a gwada. Kuma ka zaɓi mahaɗin ƙarfe, gajere. Na tagulla mai tsawo, da suwic da tiyo rataye a kansa, girgizar dizal tana karya shi daga gindi, mai ya tsiyaye cikin minti kaɗan.

Hanya ta uku ita ce farantin da ake sawa tsakanin filta da bulok. Yana da sauƙi, haƙoransa 3/4-16 ne ko M20x1.5 gwargwadon motar. Sai dai a yawancinsu ramukan gefe suna ɗebo man da bai shiga filta ba tukuna. In da shi za ka yi aiki, sa ƙaramar filta a kan tiyon, kuma ka riƙa wanke ta duk lokacin juye mai. Filtar da aka manta da ita kisa take yi: wasu motocin Subaru sun yi suna da hakan, inda 'yar ragar da ke cikin notin mai ke toshewa turbo ya bushe.

A injin 3L da 5L akwai hanyar mai da ke zuwa famfon birki na bayan altaneta. Ana iya raba ta daga wurin da ta fito a bulok. Tiyon komawarta dai ya yi wa turbo kaɗan, kada ka haɗa su. Ka kuma guji ɗebowa daga ƙarshen kan silinda, a injuna da yawa man da ke isa can an riga an rage masa ƙarfi.

Gargaɗi: haƙora masu tsukewa irin BSPT da NPT ne kawai ake shafa wa maganin yoyo, na ruwa, a bar haƙora biyu na farko ba komai. Farin tef na masu famfo yana yagewa, zarensa ya toshe siririn ramin da mai ke bi ya shiga turbo.

7. Tiyon shiga da ristirikta

Wanke cikin sabon tiyo da fetur ka hura iska kafin ka ɗaura, ko da daga leda ka fito da shi, domin yanka yana barin ɓarɓashi. Bi da shi gajeriyar hanya nesa da manifol, inda ya kusanci zafi ka sa masa riga. Man da ya tsaya a tiyo mai zafi bayan an kashe inji yana dahuwa ya daskare, a hankali ramin ya ƙuntata. Kafe shi da kilif duk santimita 20 zuwa 30, a jikin inji, don su riƙa motsi tare. Saƙar wayar nan kamar zarto take, duk abin da ta jingina da shi sai ta ci, wayar lantarki ce ko tiyon ruwa ko bututun birki.

Kan AN ba a shafa masa komai. Ɗaure da hannu har ya zauna, ka riƙe ɗaya ɓangaren da sifana ta biyu, ka matsa zuwa kusan 12 ko 15 Nm in na alminiyam ne -4. Noti mai rami a ciki kuma sabuwar washa sama da ƙasa, kada ka matsa da ƙarfi, yana tsinkewa.

Ristirikta ɗan noti ne mai siririn rami da ake sawa a bakin turbo don rage mai. Ga mai boris, Garrett na son ƙarfin mai ya kasance psi 40 zuwa 45, wato kusan bar 2.8 zuwa 3.1, a lokacin da inji ke kan iyakar gudunsa, kuma a yawancin motoci rami mai milimita 1 ne ke ba da hakan. Leƙa ramin shigar turbo tukuna, wasu da nasu suke zuwa a ciki, kada ka ƙara na biyu.

Mai bushin ba ya son ristirikta. Holset na neman kada ƙarfin ya gaza bar 0.7 a silo, da bar 2.1 idan inji na ɗauke da kaya. Sai in gejinka ya nuna fiye da bar 5 bayan mai ya yi zafi za ka yi tunanin sa mai rami milimita 1.5 zuwa 2. Ana yin awon ne a bakin turbo, bayan ristirikta, da mai mai zafi. Awon safiya da mai mai kauri ba ya nuna gaskiya.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi tsada shi ne ganin hayaƙi a matse mai da ristirikta. Hayaƙin zai ragu, mai mota ya yi murna, bushin kuma yana ta ci a bushe har sandar ta fara taɓa gida.

8. Numfashin inji

Turbo yana ƙara hayaƙin da ke tserewa ta gefen ringi zuwa kasko. In bai sami mafita ba, sai ya hau ta tiyon komawa ya tare mai a hanya. Tiyon numfashi ya fito daga murfin saman inji ya shiga bututun iska tsakanin filtar iska da bakin turbo, kada ya gaza na asali faɗi. A injin fetur, bawul ɗin numfashin inji da ake kira PCV, wanda ke zuwa manifol na shigar iska, dole ya rufe idan turbo ya fara turo iska. Cire shi ka hura ta ɓangaren manifol, in iska ta wuce, sauya shi.

Buɗe murfin zuba mai inji na silo. In hayaƙi na bugowa da ƙarfi, ringi sun gaji, kuma duk kyan tiyonka turbo zai zubar da mai har sai an gyara injin. Filtar iska da ƙura ta toshe ita ma tana sa turbo ya zuƙo mai ta bakinsa.

9. Shayar da turbo kafin a tayar

Zuba sabon mai da sabuwar filta. Da sirinji, ɗura mai mai tsabta cikin ramin shigar turbo har ya cika, kana juya fankar da yatsa.

Hana injin tashi. A fetur, cire fis na famfon fetur da wayar koyil. A tsohon dizal, cire wayar da ke kan famfon injekta mai kashe inji. A na zamani, cire soket na nozul. Sa bakin tiyon shiga cikin kwalba, a buga kik daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta rabin minti, a sake, har mai ya fito ba kumfar iska. Ɗaure tiyon a kan turbo, a sake bugawa har fitilar mai ta mutu. Mayar da abin da ka cire, ka sa filtar iska, ka tayar, ka bar shi a silo minti 3 zuwa 5 ba taka totur.

Gargaɗi: in tsohon turbo ya mutu ne yana zubar da mai, a cire intakula, wato mai sanyaya iskar da turbo ke turowa, da bututunta a wanke. Injin dizal yana iya zuƙar wannan man ya yi ta gudu da shi, ko an kashe makulli ba zai tsaya ba. Tsohon tiyon shiga kuma a jefar, kada a mayar.

10. Gwaji, da abin dubawa in ya yi hayaƙi

Goga farar takarda a kowace mahaɗa, tana nuna yoyon da ido bai kama ba. Kashe inji, jira minti biyar, duba geji ka cika daidai layi. Yi tafiya a hankali, ka dawo ka sake dubawa, bayan ya huce ka bi notoci da kilif. Daga nan, duk bayan doguwar tafiya ko hawan tudu da kaya, a bar inji a silo minti 1 ko 2 kafin a kashe.

Ɗan hayaƙi daga jikin sabon manifol a mintunan farko maiƙon hannu ne ke ƙonewa. Shuɗin hayaƙi daga salansa da ya ƙi tafiya shi ne abin bincike, kuma ga jerin da za ka bi. Fara da gejin mai, domin man da aka cika ya wuce layi yana iya rufe bakin da ka yi wa walda. Sai tiyon komawa: cire ƙarshensa ka sa a jarka mai tsabta, a tayar na rabin minti kawai, ya kamata ka ga mai mai kumfa yana zuba ba yankewa. A lokacin, kusantar da tafin hannunka bakin kaskon, in iska na turo shi da ƙarfi matsalar ta numfashi ce. Bayan wannan ka duba filtar iska, sannan ka auna ƙarfin mai a bakin turbo. In duk waɗannan sun fita lafiya, a kwance turbo a duba zobbansa da bushin.